Turaren da Hanci Bai Shaƙa Ba: Shin Mai Saye Yana da Bakin Kuka?

Alhaji mai shagon turare, Kasuwar Dole, Damagaram: Assalamu alaikum. Na ji abin da ya sami ƴarmu malamar makaranta, wadda ta tura jaka 28, wato sefa dubu 28, ga wani mai talla a Facebook domin kwalbar turaren Dubai, aka aiko mata da ruwan da ƙamshinsa bai kai la'asar ba, kuma ina jajanta mata. Sai dai zan faɗi ra'ayina ko da bai yi wa wasu daɗi ba: wanda ya biya kuɗin turare bai shaƙa ba, ya yafe haƙƙinsa da hannunsa. Shekaru fiye da 30 ina wannan sana'a, kuma ban taɓa barin mai saye ya yanke hukunci da shaƙar farko ba. Nakan ɗiga masa a bayan hannu, in ce ya zagaya kasuwa ya dawo, domin ƙamshin sama yana tashi cikin ƴan mintoci, abin da ya zauna a fata bayan nan shi ne gaskiyar turaren. Waya ba ta ɗaukar wannan. Wanda ya yi cinikin biri a sama, in ya tarar da reshe babu kowa, wa zai kai ƙara?

Malamar makaranta, Zango: Baba Alhaji, na gode da jaje, amma ban yarda cewa na yafe komai ba. Kafin in biya, sai da na nemi bidiyon kwalin, ya nuna mini shi a rufe cikin ledarsa, ya ce da bakinsa na asali ne, mai mililita 100, daga kamfanin da sunansa ke jiki. Na tura kuɗin zuwa Yamai, bayan kwana biyu na je tasha na karɓi saƙo. Lambar da ke gindin kwalbar ba ta yi daidai da ta gindin kwalin ba, kan fesawar yana yoyo, kuma washegari wuyana ya feso da ƙuraje. Da na yi masa magana sai ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, daga nan ya toshe lambata. Da a ce turaren na asali ne ƙamshin ne kawai bai yi mini ba, da na haɗiye abina na yi shiru. Abin da aka siffanta mini daban, abin da aka aiko daban.

Malamin zaure, Birni: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, maganarka ta hankali ce wajen taka-tsantsan, amma ta yi karo da hukunci. A mazhabarmu ta Malikiyya sayar da abin da ba ya wurin ciniki halal ne in an siffanta shi, kuma duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan wannan. Idan kaya suka iso bisa siffar da aka faɗa, ciniki ya tabbata. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. A wuri guda kuma littafin ya hana a shardanta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso, sai in wurinsu yana kusa ko kuwa abu ne da ba a jin tsoron canzawarsa, kamar gida ko gona. Turaren da zai yi tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai ba ya cikin waɗannan. Sannan hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Mai hatsin nan ya ɓoye aibi a ƙarƙashin tari, mai turaren nan ya ɓoye nasa cikin kwali. Sakacin mai saye, in ma akwai shi, ba ya halatta wa mai algus ko dala ɗaya.

Matashi mai tallan turare ta WhatsApp, Sabon Gari: Allah gafarta Malam, na karɓi hukuncin, amma ina roƙon a dubi halin da mu masu sayarwa muke ciki. Ina ɗauko kaya daga kasuwannin Kano, in biya mota da duwan, in aika wa mutum har Tanut ko Gure, sai ya ce ya fasa, kuɗin mota ya hau kaina. Wannan ne ya sa muke neman a biya tukuna. Abin da nake yi yanzu shi ne in karɓi kuɗin mota kawai, sauran a biya bayan an ga kaya, kuma ga sabon mai saye nakan ba da shawarar ya fara da ƙaramar kwalba mai mililita 3 kafin ya ɗauki babba.

Akwai kuma abin da ya kamata a rarrabe. Kamfanoni irin su Lattafa, Rasasi da Ajmal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna sayar da kayansu da sunansu. Akwai masu haɗa man turare mai kama da wani sanannen ƙamshi, su faɗa maka cewa kwaikwayo ne, kuma wannan ciniki ne na gaskiya. Jabu shi ne a zuba ruwan banza cikin kwalba mai sunan wani. Farashi kan fallasa shi tun kafin a buɗe. Itacen udu ba ya yin ƙaron nan mai ƙamshi sai ya ji rauni ko cuta ta kama shi, kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, saboda haka wanda ya ce zai ba ka udu zalla a kan jaka 3 ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalbarsa.

Hajiya mai haɗa humra da turaren wuta, Birni: Ni ina tsakiya, kuma na fi karkata wajen Alhaji a abu ɗaya. Ƙamshi ba ya siffantuwa. Humrar da na haɗa da farce da sandal a yau, ba ita za a shaƙa ba bayan ta kwana 40 tana jiƙa, kuma abin da ya zauna a jikin wata yakan tashi a jikin wata. Na taɓa aika wa amarya kayan da na san ingancinsu, ta kira ni tana faɗa cewa ba irin na yayarta ba ne, alhali daga tukunya ɗaya suka fito. Ga kuma zafin garinmu: a watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kwalba ta wuni cikin kayan mota, zafi da haske su taɓa ta. In aka buɗe ƙofar mayarwa ga duk wadda hancinta bai gamsu ba, mu ƙananan masu sana'a za mu rufe. Ƴata malama, naki daban ne, na yarda an cuce ki.

Ma'aikacin lafiya, Garin Malam: Ina so in ƙara abu ɗaya, Alhaji, da girmamawa. Hanci ba ya gane komai. Jabun turare kan zo da sinadarin da ba a yi shi don fatar mutum ba, har da methanol mai guba, kuma ƙamshin da aka ɗora a kai yana rufe shi. Wanda ya shaƙa a shago ma bai tsira ba in kwalbar jabu ce. Ƙurajen da suka fito wa malama dalili ne na ta daina shafa shi nan take, ta kuma ajiye kwalbar kada ta zubar. Sabon turare kowane iri ne, a fara gwada shi a cikin gwiwar hannu a bari ya kwana.

Mai karatun shari'a, Damagaram: Iyayena, maganar cewa mai saye ba shi da bakin kuka ba ta da gindi a dokar ƙasa ma. Nijar tana da doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga Mayu 2015, wadda ta kafa ƙa'idojin kare mai saye, tana kuma da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan da ake aikatawa ta intanet. Akwai ƙungiyar ADDC-Wadata da ta daɗe tana fafutukar haƙƙin masu saye. Kalmar da mai kaya ya ƙirƙira wa kansa, cewa kaya ba sa dawowa, ba ta shafe zamba.

Hajiya kuma tana da gaskiya a nata ɓangaren, kuma ko a Turai an lura da shi. A Tarayyar Turai wanda ya sayi kaya daga nesa yana da kwana 14 na fasa ciniki ba tare da ya ba da dalili ba, amma an cire kayan da aka liƙe saboda tsafta in mai saye ya riga ya ɓalle liƙin. Wato fasawa don son rai tana da iyaka, amma mayar da kayan da suka saɓa wa siffa haƙƙi ne dabam wanda buɗe kwali ba ya kashe shi.

Inda muke faɗuwa shi ne hujja. Mutanenmu suna ciniki da saƙon murya, su goge, su yar da takardar tura kuɗi. Takardar nan tana ɗauke da suna da lambar wanda ya karɓa, kuma ba a cirar kuɗi a wuraren aikawa sai da katin shaida, layukan waya ma da suna ake yi musu rajista. A ɗauki hoton tallar da farashin, a sa mai kaya ya rubuta sunan turaren da girmansa da kalmar "na asali", a kuma ɗauki bidiyo lokacin buɗe saƙon tun daga ɗaurin tasha. In mai kayan yana Najeriya ne, can akwai NAFDAC mai rajistar kayan shafawa da FCCPC mai karɓar koken masu saye, amma bin sawu daga nan yana da wuya, shi ya sa na fi son a saya wurin wanda ake iya zuwa ƙofar shagonsa.

Alhaji mai shagon turare: Malam, na janye kalmar yafe haƙƙi, domin ba na jayayya da hukunci, kuma ni ma in kwalba ta fita daga shagona da aibi ina karɓarta. Amma ban sauka daga sauran maganata ba. Mutum nawa ne za su bar aikinsu su yi ta zirga-zirga a kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, saboda jaka 28? Masu zambar nan sun san da haka, shi ya sa ba sa cin babban kuɗi a hannun mutum ɗaya. Ɗana mai talla, ina tambayarka a gaban kowa: za ka rubuta wa mai saye sharaɗin mayarwa kafin ya biya? Ke kuma ƴata, kawo mini kwalbar da kwalin in duba, in jabu ce zan faɗa a gaban duk wanda ya tambaye ni.

Matashi mai talla: Zan rubuta, Baba. Kwana uku daga ranar karɓa, in lamba ta saɓa ko kwalba ta zo da yoyo ko girman bai cika ba, kuɗi su koma har da na mota. In ƙamshi ne kawai bai yi ba kuma an riga an fesa, ba zan karɓa ba.

Malamar makaranta: Wannan sharaɗin na yarda da shi. Baba Alhaji, takardar tura kuɗin tana hannuna, saƙonninsa na murya ma ban goge ko ɗaya ba, kuma wasu mata biyu sun sanar da ni cewa lamba ɗaya ce ta karɓi nasu kuɗin. Gobe in Allah ya kai mu, bayan azahar, zan biyo ta shago da kwalbar, daga nan mu uku za mu wuce kwamisariya.