Shin duk mai amsa Maina jinin sarauta ne? Muhawara a zauren zumuncin wani gida a Damagaram

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama tsara kalandar da za a raba ranar taron zumunci bayan Sallah. A sama na rubuta "Zuri'ar Maina, jinin sarautar Borno". In babu gyara, gobe zan kai wa mai bugawa.

Kawu na Birni: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, Auta, babu abin gyara. Maina kalmar Barebari ce, ma'anarta ɗan Mai, wato ɗan sarki. Mace kuwa mairam. Sarakunan Borno na gidan Saifawa da Mai ake kiransu har ƙarshen mulkinsu a 1846. Damagaram kuma kowa ya san alaƙarta da Borno, sarakunanmu sun daɗe suna aika gaisuwa Kukawa. Ku dubi sarautun fada: Ciroma, Yarima, Galadima, Shatima, duk daga can suka zo. A zamanin Sarki Tanimun wane talaka ne zai tashi ya kira kansa Maina a cikin ganuwa? Tunda kakanmu ya amsa sunan, da dalili.

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ma'anar kalmar ba mai musu. Abin da nake tambaya shi ne sunan sarkin. In ɗan sarki ne, wane sarki ya haife shi? Tun ina yarinya nake jin maganar nan, ban taɓa jin wanda ya ce ga sarkin ba.

Auta: Yaya, ai sunan ya yaɗu sosai. Na duba a Facebook, ga su nan a Gure, Difa, Gashuwa, Maiduguri. An yi gwamnan Borno mai suna Maina Ma'aji Lawan. Har Kenya na ga masu sunan. Ga kuma Janar Ba'are Mainasara da ya mulki ƙasar nan tamu ta Nijar daga 1996 zuwa 1999.

Baffa Mushe: Tsaya, ɗana, ka haɗa hatsi da tsakuwa. Mainasara Hausa ce tsantsa, mai nasara, ba ruwanta da Mai na Barebari. Na Kenya kuwa sunan Kikuyu ne, bakinsu daban, sauti ne kawai ya zo ɗaya. Wanda ya rage shi ne na yankinmu, shi kuma yawansa ai hujja ce a kanka. Sarakuna nawa aka yi da za su haifi wannan jama'a?

Bari in faɗa muku abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina riƙe da aji. Mu Hausawa ba mu gaji sunan gida irin na Nasara ba, wanda zai bi ɗa da jika da tattaɓa kunne. Sunanka na yanka, sai na mahaifinka, shi ke nan. Ɗanka kuma ya ɗauki naka, na kakansa ya faɗi. Takardar Faransa ce ta zo da gurbi biyu, dole a cika su. Ranar ɗaukar yara lakkol, uba zai zo riƙe da hannun yaro, babu takardar haihuwa, sai daga baya a yi jijiman, wato takardar kotu da ke maye gurbinta. Ka tambaye shi sunansa, sai ya ba ka wanda gari ya san shi da shi: Dogo, Ɗanladi, Maikanti, Liman, Maina. Abin da ya faɗa shi alƙalami zai kama. Na taɓa samun 'yan uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da sunan ƙarshe daban, domin ɗaya uba ya kawo shi, ɗaya kawu, ɗaya kaka. To sunan da ya shiga takarda ta wannan hanya, ba a kafa nasaba a kansa.

Kawu na Birni: Mushe, maganarka ta takarda gaskiya ce, amma kakanmu ya riga takarda. Tun kafin a mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926 ake kiransa Maina. Ba malamin lakkol ne ya raɗa masa ba.

Baffa Mushe: Na yarda, Yaya. Ba takarda ce ta ƙirƙiro shi ba, ita ce dai ta daskarar da shi ya zama na gida duka. Tambayar Babba tana nan: ta ina sunan ya same shi?

Gwaggo ta Garin Malam (saƙon murya, 'yarta ta rubuta): To ku saurara, ni na zauna da tsohon, ni nake kai masa fura da hantsi. Sunansa na yanka Ibrahim. Ubansa baduku ne, shi ma baduku. Har yanzu ina ganin zauren: jar fata a shanye, basilla soke a jikin tabarma, warin jima da bagaruwa in an kawo sababbin fatu daga wurin majema. Kayan doki yake yi da kube da alabe. Abin da ya gaya mini da bakinsa shi ne, akwai wani ɗan sarki da ubansa yake yi wa kayan hawan Sallah. Shekarar da aka yi yunwa, wannan ɗan sarkin ya riƙa aiko musu da damman hatsi har damina ta faɗi. Da aka haifi kakanmu sai aka mai da masa sunansa, Ibrahim. To wa zai iya buɗe baki a gidan ya kira sunan ubangida gatsal? Sai aka riƙa ce wa jariri Maina, don kunya da girmamawa, kamar yadda kuke ce wa mai sunan uba Abba. Sunan ya bi shi har kabari. Ni abin da na ji ke nan, Allah ne shaidata.

Yaya Babba: Allahu akbar. Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?

Gwaggo ta Garin Malam: Ba wanda ya tambaye ni, 'yar nan. Maza ake tambaya tarihi.

Kawu na Birni: Yaya, ba na ƙaryata ki, kin girme ni kuma kin zauna da shi. Amma ni ma mahaifinmu ya gaya mini cewa muna da dangi a fada. Kuma ki tuna abin da ya faru. A 1899 aka yi yaƙin Tirmini, Sarkin Damagaram Kuran Daga ya rasa ransa. A 1906 Nasara suka tuɓe sarki suka ɗora wani bafade, Ballama. A irin wannan lokaci 'ya'yan sarki da yawa ɓoye kansu suka yi. Mutum yana iya shiga zauren dukawa ya ce shi baduku ne don ya tsira da wuyansa, ya kuma gaya wa jikoki labarin da ba zai jawo musu fitina ba.

Gwaggo ta Garin Malam: Ƙanena, dukanci ba rigar aro ba ce. Hannun da ya yi wannan ɗinkin tun yana yaro ya koya a gaban ubansa. Kuma ranar aurena da maroƙi ya tashi, kirarin dukawa ya yi mana, tsohon yana zaune yana murmushi, har ya ba shi kyauta. Maroƙan garin nan sun san gidan kowa. Da da jinin sarauta a jikinmu, su ne za su fara faɗa, don a nan abincinsu yake. Dangi a fada kuwa akwai su, ƙanwar tsohon ce aka aurar wa wani bafade.

Malam Ƙarami: Iyayena, ku ba ni dama. Abin ya wuce kalanda. Allah ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira mutane da iyayensu, shi ne mafi adalci a wurinsa. Hadisi ingantacce kuma ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Ban ce Kawu ya yi haka ba, shi abin da ya ji yake faɗa. Amma yanzu da maganar Gwaggo ta fito, ba mu da ikon bugawa mu raba wa mutane kamar ba mu ji ba. Yaran da za su rataya ta a ɗaki, nan da shekara ashirin ita za su ɗauka hujja.

Auta: Wallahi jikina ya yi sanyi. A jami'a na sha gaya wa abokaina cewa mu 'ya'yan sarki ne. Ban san ta inda zan fara janyewa ba.

Yaya Babba: Ka gaya musu abin da Gwaggo ta faɗa, Auta. Ni dai ya fi shiga raina. Mutum ya ciyar da gida a shekarar yunwa, aka rasa abin da za a biya shi, aka ba shi suna, ga shi har yau muna amsawa a Yamai da Kano da Agadas. Jakar makarantar da tsohon ya ɗinka wa babanmu tana nan a akwatina, ɗinkin bai kwance ba.

Kawu na Birni: Ni ban sauka daga maganata ba tukuna. Shaida ɗaya aka kawo. Inna ta Mirya tana nan da ranta da hankalinta, ta girmi Yaya ta Garin Malam, kuma a gidan tsohon ta tashi. In ta faɗi abin da Yaya ta faɗa, zan karɓa a gaban kowa.

Baffa Mushe: Wannan adalci ne. A je ranar Lahadi, ranar kasuwa ce, mota ba ta wuya. Kada kowa ya gaya mata abin da aka tattauna a nan. A tambaye ta kawai: wane ne uban Maina, mece ce sana'arsa, wa aka yi wa takwara. Auta, ka cika wayarka da caji ka ɗauki muryarta tun daga sallama.

Auta: To Baffa. Na kira mai bugawa na ce ya dakata. Kawu, zan biyo maka Birni bayan sallar asuba.

Gwaggo ta Garin Malam: Ku tsaya ku ɗauke ni. Ku saya mata goro da sukari, kuma kada ku fara tambaya sai ta gama gaisawa da kowa.