Tsattsewa ta faɗo a gidanmu, kuma Yaya ya ce a kankare sheƙunansu

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Gidanmu na gado yana Gwammaja, tsohon bene ne da marigayi Baba ya gina tun ban yi wayo ba. A ƙarƙashin barandar sama tsattsewa sun yi sheƙa a jere, manne da juna, za su kai talatin. Tun muna yara suke nan. Baba in ya idar da la'asar sai a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya ɗaga kai yana kallon yadda suke keta iska suna wannan siririn kukan nasu, har a kira magariba. Ya taɓa zane Yaya saboda ya harbe su da danƙo, ya ce baƙinmu ne, ba su taɓa ci mana ƙwayar hatsi ba. Ko a ciwonsa na ƙarshe sai da ya sa aka matsar da gadonsa bakin taga. To yanzu bikin autarmu saura sati uku, Yaya ya kira masu fenti, ya ce ranar Asabar za a kankare su duka, kashinsu ya ɓata bango kuma dangin ango za su shigo. Ni aure ya kai ni wata unguwa, maganata ba ta da nauyi a gidan. Ana cikin haka shekaranjiya ɗana ya tsinci ɗaya a ƙasa kusa da rijiya. Tana cikin kwali, ba ta ci, ba ta tashi. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ya zan yi?

Ɗan Kurna: Hajiya ki hau saman benen ki cilla ta sama da ƙarfi. Tsattsewa ba ta iya tashi daga ƙasa, iska kawai take nema. Haka muke yi muna yara.

Malamin kimiyya: Baiwar Allah, kada ki cilla ta. In fiffikenta ya samu rauni ko kuma jaririya ce, faɗowar ce za ta ƙarasa ta. Gaskiya ne ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, na maƙalewa a bango ne, shi ya sa ba za ki taɓa ganin ta zaune kan wayar lantarki ba. Amma mai lafiya ba haka kawai take kwanciya a ƙasa ba, da dalili. Ki duba mini: in ta naɗe fukafukai, sun giciye sun zarce jela, ko gajeru ne? Akwai fari a ƙugunta? Kuma me kika ba ta?

Mai neman shawara: Akwai fari a ƙugu da maƙogwaro. Fukafukan sun ɗan zarce jela kaɗan. Na riga na cilla ta sau biyu jiya, amma ba daga bene ba, a tsakar gida ne kuma kan yashi ta faɗi. Na ba ta koko a cokali da jiƙaƙƙen gero. Ai ba zan zuba ido ta mutu da yunwa ba, Malam.

Malamin kimiyya: Ki daina kokon yanzun nan. Wannan tsuntsuwa ba ta cin hatsi ko kaɗan. Abincinta ƙwari ne, a sama take cafke su da baki a buɗe, ruwa ma a guje take shafto shi daga saman kududdufi. Koko yana iya shiga mata hanyar numfashi, gero kuwa cikinta ba zai narkar ba. Ga damina ta shigo, ki sa yara su kamo shinge a gindin fitila, ko ƙananan gyare a cire musu ƙafafu. Ban da soyayyar fara mai yaji. Ba za ta tsattsaga da kanta kamar kaza ba, sai kin buɗe bakin a hankali da gefen farce, don laushi gare shi, yana karyewa. Ruwa ɗigo ɗaya a gefen baki da ɗan yatsa. Duk jikinta bai wuce giram 25 ba, rabin ƙwan kaza ke nan.

Maman 'yan biyu: Ni wallahi ina bayan yayanki. Muna haya a Fagge, irin su sun hana ni shanya a baranda, farin kayan makarantar yara kullum sai na sake wankewa. Na yi wa mai gidan magana ya fi sau biyar, kuɗin haya kawai ya sani, ko famfon da ya lalace tun azumi bai gyara ba. Mutum da gidansa a ce tsuntsu ya hana shi fenti?

Wani ɗan uwa daga Ɗorayi: A ji tsoron Allah. Akwai hadisin da sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana karkaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da su. In da 'ya'ya a sheƙun nan, ki kai wa yayanki wannan maganar, ko ki sa limamin unguwa ya faɗa masa.

Mai neman shawara: Ba ku san Yaya ba. In na haɗa shi da liman cewa zai yi na kai ƙararsa waje. Kuma shi ya ɗauki nauyin kayan ɗaki gaba ɗaya, ba ni da bakin magana.

Malamin kimiyya: To ki roƙe shi jinkiri kawai. Ƙwai yana ɗaukar kusan sati uku, 'ya'yan kuma sati biyar zuwa shida kafin su tashi. A fente ko'ina a bar wannan lungun, a kafa katako a ƙasan sheƙun ya riƙa tare kashin, magana ta ƙare. Ku ba ku san abin da ke gidanku ba ne. Sheƙar nan da gashin tsuntsu da ciyawar da iska ta ɗebo suke yin ta, duk a sama suke kamawa, su liƙe da yawu. Suna da 'yar uwa da ke haihuwa a Turai, ta ratsa sararinmu ta nufi wajen Kwango. A 2016 masana a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka bayyana abin da 'yan na'urorin da suka ɗaura musu suka nuna: akwai waɗanda suka yi wata 10 a sama ba su sauka ba. Ci da sha da hutu duk a iska. An auna gudun irin wannan ya kai kilomita 111 a awa. Namu masu farin ƙugu su kan dawo sheƙa su kwana, kuma wuri ɗaya suke riƙewa shekara da shekaru. Wannan ne za a sa wa ƙarfen kankara saboda yinin biki ɗaya.

Ɗan Kurna: Wata goma ba sauka? Malam a dai riƙa sassautawa. Ni dai na cilla da hannuna ta tashi, ba labari aka ba ni ba.

Malamin kimiyya: Taka ta yi sa'a ne. In lokacin saki ya yi, a fili mai ciyawa ake ɗora ta a tafin hannu, a ɗaga, a jira ta tafi da kanta. In ta ƙi, ba ta shirya ba.

Hajiya daga Gyaɗi-Gyaɗi: 'Yata, ki kai ta asibitin dabbobi ko gidan zu ki huta. Zumunci ya fi tsuntsu. Ni a kan bishiyar darbejiya ɗaya muka yi shekara huɗu ba ma gaisawa da ƙanina, har yau abin yana ci na.

Mai neman shawara: Na gode Hajiya, amma ba zan iya ba da ita ba, ɗana ya riga ya shaƙu da ita, kuma a gidan aka haife ta. Maganar katako na san ba zai yarda ba, zai ce ya ɓata fuskar gida. Daren jiya ta haɗiyi shinge biyu, na ukun ta furzar. Kokon ma kaɗan na ƙara mata da asuba don na ga kamar ta galabaita. Yanzu autarmu ta kira ni wai an sauke katakon hawa a ƙofar gida, Yaya kuma bai ɗaga wayata ba. Malam, in na samu tsani na mayar da ita, ta yaya zan gane sheƙar da ta faɗo daga ciki?