Gyaran tsohon gida: jinga za mu bayar ko mu sayo kaya da kanmu?

Baban Hanifa, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa sa magina gyaran tsohon gida, ba sabon gini ba. Gidanmu na gado ne a cikin gari, wajen Gwale, ginin ƙasa, ɗaki huɗu da zaure. Biyu an yi musu rufin kwano tun mahaifinmu na da rai, biyun kuma har yau soro ne da azara. Daminar bana ɗakin Hajiya ya yi yoyo har sai da aka matsar da gadonta, katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta kuma ta fara zaizayewa daga gindi. Mu 'ya'yanta mun haɗa abin da ya sawwaƙa. Wani magini ya ce a ba shi jinga har da kaya, wani ya ce mu sayo kaya, shi a biya shi kuɗin aikin hannu. Hajiya kuma ta ce ba inda za ta, tana cikin gidanta har a gama. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Maman Sadiq, Kaduna

Wa'alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri kan wannan hidima da za ku yi wa Hajiya.

Ni na yi duka biyun. A ƙarshen 2023 muka ba wani birkila jingar gyaran gidanmu a Tudun Wada: bayan gida biyu, kicin, da filastar tsakar gida, har da kaya. Lokacin buhun siminti bai wuce wajen N5,000 da 'yan kai ba. Ya karɓi kafin alƙalami, ya fara aiki da kyau. Shigowar 2024 siminti ya tashi har ya haura N10,000, rodi da tayil suka bi. Sai mutumin ya fara ɗauke ƙafa. Yau ya ce rasuwa aka yi musu, gobe wayar a kashe. An fasa bayan gida, an tone tsakar gida, mu da yara muna zagaye rami. Da maigida ya je har gidansa, sai ya fito fili ya ce kuɗin da aka yi jinga a kai ba zai ƙarasa aikin ba, kunya ce ta hana shi faɗa. Aka ɗauki biro aka lissafa, aka ga gaskiya ya faɗa a kan farashi, amma kuma an ga ya taɓa kuɗinmu ya sa a wani aikin da yake yi a wata unguwa.

Daga nan aka sake shiri. Mu ke sayen kaya, mu kulle a ɗaki, kullum da safe a fitar da buhun da za a yi aiki da shi, da yamma a dawo mana da fankon buhunan a ƙirga. Kuɗin hannu kuma sai an gama kashi a biya kashi: an gama fasawa da kwashe ɓaraguzai, a biya; an gama ɗora bulo, a biya. Shi kansa ya fi samun natsuwa, don tashin farashi ya daina zama ciwon kansa. A wannan zamani da farashin safe daban na yamma daban, ban ga dalilin ba da jinga da kaya ba.

Birkila, Zariya

Ni magini ne, a hannun mahaifina na koya, shi ginin ƙasa ya yi, ni na haɗa da na bulo. Hajiya Maman Sadiq ta faɗi gaskiya, kuma abin da abokin sana'armu ya yi na juya kuɗin wani zuwa aikin wani ba daidai ba ne, ba zan kare shi ba. Amma Alhaji Baban Hanifa, kafin maganar jinga akwai wadda ta fi ta.

Duk maginin da ya tsaya a tsakar gida ya kalli ginin ƙasa ya yanke maka kuɗi a take, ko dai bai san aikin ba, ko ya san zai dawo ya ce a ƙara. Sabon gini ana lissafa shi a takarda. Tsohon gida sai an buɗe ake sanin abin da ke ciki. Sau da yawa mun kankare shafe muna zaton filasta kawai za a sake, sai mu tarar gara ta yi gida a cikin bangon, ko kan azarar da ke cikin bango ya ruɓe, daga waje kuwa lafiya lau. Don haka ka biya kuɗin yini ɗaya ko biyu a yi bincike kawai: a hau soron, a tone gindin katangar, a buɗe kan azara a kusurwa biyu ko uku. Bayan an gani sai a yi ciniki.

Sannan in an zo shafe, ka yi hattara da wanda zai ce a watsa wa bangon ƙasa siminti kai tsaye. Siminti ba ya kama ƙasa. Shekarar farko zai yi kyau, daga nan ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, bangon ya yi ta jiƙa a ɓoye. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, to ya rabu da bango. Wata rana sai ya faɗo falle guda, kuma a tsakar gida yara ke wasa. In bangon na da ƙwari, ko dai a nemo masu yaɓe na gargajiya su yi masa shafen da ya dace da shi, irin na makuba, ko a kafa ƙusoshi da ragar waya kafin a yi filasta. In gindin ya riga ya ci, a rushe wannan katangar a ɗora ta bulo a kan sabon fandisho, a shimfiɗa leda kafin a ci gaba don kada danshi ya hau. Kuma ko wa ya ba ka shawara, kada a zuba rufin kankare, wato dakin, a kan bangon ƙasa.

Maganar bulo: ni in za a buga mini inci 9, ba na yarda buhu ɗaya ya wuce bulo 30. Wasu gidajen bulo suna ja har ya yi nisa da haka. Ka kankara shi da ƙusa, in yana zuba kamar gari ka bar musu kayansu.

Abin da nake roƙon masu gida kuwa: ku zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da mu. Gidan gado ya fi kowane wahala a nan. Babban wa ya zo ya ce taga a nan, ƙanwa ta zo daga gidan mijinta ta ce a toshe, autan ya bugo waya daga Abuja ya ce a sa silin ado na POP. Kowane canji siminti ne da yini, in aka zo biya kuma a ce mu ne muka ja aiki. Kuma leburori kullum suke cin abinci da abin da suka samu. In kuɗin kashi ya makara, daga aljihuna nake biyansu.

Baban Hanifa, Kano

Malam, Allah ya ƙara basira. Wallahi wanda ya ce jinga har da kaya ko soron bai hau ba. To azarar fa, in ta yi kyau a bar ta, ko a sauke gaba ɗaya a yi kwano? Ƙannena sun fi son kwano, Hajiya kuma ta ce ɗakin soro ya fi sanyi.

Birkila, Zariya

Hajiya ta fi su gaskiya. Ɗakin soro a watan Afrilu ba a haɗa shi da na kwano. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, tana iya fin shekarun mai gidan. In an duba ta lafiya, a sauke tsohuwar ƙasar saman da ta yi nauyi, a sake daɓe, a gyara indararo. Wasu kuma suna barin soron su ɗora kwano a samansa da ɗan tazara, sun sami sanyi, sun huta da yoyo. Sai dai a tabbata bangon zai ɗauka, kuma a ɗaure katakon da kyau saboda iskar farkon damina.

Inna Uwani, Katsina

Ni maganar zaman Hajiya a gidan ce ta sa na sa baki. Da aka gyara namu, surukata na ciki, kuma ta tsufa. Abin da ya fi ba mu wahala ba ƙarar guduma ba ce, bayan gida ne da ruwa. An fasa masai ɗaya tilo da muke da shi kafin a gama sabon. Tsohuwa mai alwala sau biyar, ga dare, ga sanyin hunturu, sai an raka ta maƙwabta. Ranka ya daɗe, ka sa a fara gama bayan gida ɗaya da ɗaki ɗaya tsaf, a mayar da Hajiya ciki, sannan a taɓa sauran.

Ƙura ma ba ƙaramin abu ba ce, musamman in ana yankan tayil. Mun riƙa rataya jiƙaƙƙen bargo a ƙofarta. A kuma kafa zana ko buhu a raba tsakar gida, mata su sami wurin girki da shanya, maza ma'aikata su sami hanyarsu. A yi musu magana tun ranar farko a kan sallama kafin shigowa. Namu masu kirki ne, babbansu ma kullum sai ya durƙusa ya gaida tsohuwa. Mu ma ba mu taɓa barin su da yunwa ba, ko da kunu da ƙosai ne da safe. Ba ya cikin ciniki, amma mutumin da ke ɗaukar kwanon sarki a rana tun safe yana da hakki a kan tukunyar gidan da yake wa aiki.

Ɗan Gwange, Maiduguri

Mu gyaran dole muka yi bayan ambaliyar Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Kowa na neman magini a lokaci guda, kuɗin aiki ya tashi, har waɗanda ba su taɓa riƙe cokalin gini ba suka zama birkiloli. Maƙwabtanmu da suka yi gaggawar filasta da fenti, ba a jima ba fentin ya kumbura, wani farin gishiri ya feso a bango. Dattijon da ya yi mana namu ya ƙi taɓa bangon sai da aka kankare tsohuwar filasta aka bar shi ya sha iska ya bushe. Tunda ka ce gindin katangarku na zaizayewa, ka duba ko lungun ya fi tsakar gidan tudu. In haka ne, sai an yi ciko an gyara hanyar ruwa, in ba haka ba sabuwar katangar ma haka za ta yi. Wayarin kuma a kira mai wuta tun kafin filasta, ba bayanta ba.

Alhaji na Ƙofar Ruwa, Kano

Ni kayan gini nake sayarwa, kuma na gyara gidan iyayena a cikin gari. Akwai kuɗin da mutane ke mantawa: tifa ba ta shiga lungunanmu. A bakin titi za a juye yashi da tsakuwa, sai an biya yara su kwasa da baro. Haka ɓaraguzan da za a fitar. Ka tambayi maginin tun yanzu, wannan a wuyan wa yake? Katako ka je Na'ibawa da kafintan, ya zaɓa a gabanka, ka biya da hannunka. Siminti kuma kada ka tara da yawa don tsoron tashin farashi in ba ka da busasshen wuri. A ɗora shi kan katako, nesa da bango, in ba haka ba ya daskare. Rodi da kwano da tayil su ne za ka iya saya ka ajiye.

Malama Hadiza, Damagaram

A nan wajenmu ma haka abin yake, sai dai mu da tan muke sayen siminti, buhu 20. Abin da zan ƙara bai shafi magini ba. Ka ce gidan gado ne. An raba, ko ba a raba ba? Mu yayanmu ne ya kashe mafi yawan kuɗin gyara, bisa kyakkyawar niyya, ba wanda ya rubuta komai. Bayan rasuwar mahaifiyarmu aka zo rabo, 'ya'yansa suka ce kuɗin ubansu na cikin gidan, wasu suka ce kyauta ya yi. Sai da malamai da dattawan unguwa suka shiga, kuma har yau akwai waɗanda gaisuwarsu ta yi sanyi. Yaya Baban Hanifa, ku zauna ku duka, mata da maza, a rubuta wa ya ba da nawa, kuma kyauta ce ko bashi ne a kan gidan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Haka cinikin magini, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi, da shaidu biyu.

Katangar tsakani kuma kada a sa mata diga sai maƙwabcin da mai unguwa sun tsaya an ja igiya. Ginin ƙasa kauri gare shi, bulo siriri ne. In an rushe, wannan tazarar da ta rage sai a rasa ta wace ce.

Baban Hanifa, Kano

Malama, ba a raba ba, kuma wannan magana ta shige ni. Zan kira 'yan'uwa ranar Juma'a bayan masallaci. Malam Birkila, yanzu za mu fara ko mu jira?

Birkila, Zariya

Ku yi binciken yanzu, a tokare katangar da katako, a rufa wa soron leda mai kauri. Aikin gaske kuwa sai ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, bango ya sha iska. Rufi za a fara, sai bango, sai wuta da famfo, sai filasta, sai silin, tayil da fenti a ƙarshe. Tunda aikin zai faɗo cikin hunturu, iskar na busar da siminti da wuri ya tsattsage, don haka a ware yaro ɗaya da aikinsa kawai ban ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7 ga duk abin da aka zuba ko aka shafe. Ku tanadi duro biyu ko uku, ku yi magana da mai ruwan unguwarku tun yanzu, kuma kuɗin ruwan ya shiga cikin takardar.