Masu haƙar tsakuwa na son hayar ruwana, in ba su?

Mai_Lambu: Salam jama'a, shawara nake nema don Allah. Wani kamfani ya buɗe ramin tsakuwa kusa da kogin da muke ban ruwa, dare da rana famfo na zuƙe ruwan ramin. Hukuma ta ce sai sun maida wa kogi abin da ya ragu, shi ne suka zo wai in ba su hayar haƙƙin ruwana shekara 5 ni kuma in bar gonar ba ban ruwa. Wanda ya taɓa yi, haƙƙin yana dawowa cikakke bayan wa'adi?

Dattijo: Yaro ka ƙara wa rijiyarka zurfi kawai.

Maman_Biyu: Wace rijiya Baba? Tamu tun zamanin surukina ba ta taɓa ƙafewa ba, suna fara famfo ruwa ya dinga sauka, igiya muna ƙari muna ƙari har guga ya koma fitowa da laka. Muka je suka ce mu kawo shaidar inda ruwan yake kafin su zo, wa yake auna rijiyarsa ya rubuta? Bishiyoyin da maigidana ya dasa da hannunsa a tsaye suka bushe, har yau in ya bi ta wurin ba ya magana. Ɗan'uwa kar ka sa hannu.

Injiniya: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Malam, lokacin da suke famfo yawanci a kogi suke zuba ruwan, to ba a cika ganin giɓin ba. Sai sun kashe famfo rami ya fara cika, a nan yake jan ruwan da da kogi zai tafi, wata da watanni. Ga tururin da rana ke ɗauka daga tafkin, shi ba ya ƙarewa. Na yi wannan lissafin a jihar Kolorado ta Amurka, can duk ramin da ya tono ruwan ƙasa bayan 31 ga Disamba 1980 dole a biya wannan asarar. A 2006 an rufe rijiyoyi sama da 400 a yankin kogin South Platte saboda ba su da isasshen ruwan mayarwa. Kuma wajen hayar, abin da shukarka ta shanye shi ake lissafa maka, ba duk abin da kake ja ba.

Ɗan_Fadama: Ni na ba su, kuɗin ya fi abin da gonar ke kawowa nesa ba kusa ba.

Maman_Biyu: Maƙwabcinmu abin da suka ba shi ko gyaran famfo bai isa ba.

Dattijo: Injiniya dokar Amurka kake karanto mana, kuma irinku ne ke yi wa kamfanin lissafi.

Injiniya: Baba da girmanka, ruwan ƙasa haka yake tafiya ko'ina. Mai_Lambu ya auna rijiyarsa yau gaban shaidu, ya kai takardar wurin lauya.

Sarkin_Kifi: In rami ya cika a kira ni da fatsata 😂

Mai_Lambu: Na gode, amma maganar dawowar haƙƙin fa?

Ɗan_Fadama: Nawa wa'adin bai cika ba tukuna. Ni abin da ya dame ni tifofinsu ne, sun farfasa hanya, ƙura har cikin ɗaki, yarana tari ba dare ba rana.

Maman_Biyu: Wallahi mu ma, shanya ma ta gagara. Ku wa kuka kai wa ƙara?