Neman kalma: me za mu kira "nanomedisin" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki, musamman malamanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da masu fassarar labarai a gidajen rediyo. Aikina haɗa magunguna ne a nan Katsina, kuma ranar Laraba zan yi bayani a wani shirin lafiya kan abin da Turawa ke kira nanomedisin, wato amfani da abubuwa 'yan mitsi-mitsi ƙwarai wajen kai magani cikin jiki. Kwana huɗu ke nan ina juya kalmar, ban samu inda ta zauna ba.

Nano dai awo ne. A raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai yakan kai nanomita 80,000, su kuwa abubuwan da ake zuba magani a cikinsu yawanci suna wajen 100 ne. Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta wada.

Shi ya sa wani ɗan'uwa ya ce a kira shi "maganin wada". Duk wanda ya ji haka a rediyo zai ɗauka maganin gajarta ne, don haka na ajiye ta. "Ƙwayar zarra" kuma tana da mai ita tuni a darasin kimiyya, ga shi zarrar ba ta kai ko nanomita ɗaya ba.

Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce "ƙananan na'urori", kuma na sha jin ta a bakin masu ilimi. Don Allah mu guje ta. Mun ga yadda aka yi ta yaɗa cewa an sa na'ura a allurar korona, mun kuma san abin da jita-jita ta jawo wa rigakafin shan inna a Arewa a 2003. Babu wata na'ura a cikin irin wannan magani. Ni ne ke tsayawa gaban mai jinya ina lallashinsa ya yarda da allura, kalma guda da aka fassara ba daidai ba sai ta rushe min aikin shekara.

To mene ne a ciki? A nan nake ganin duk muka kauce, domin ƙanƙantar muke ta nema wa suna, alhali abin da ya zo sabo shi ne mazubin.

Ku duba doksorubisin. Tsohon maganin sankara ne mai ƙarfi, amma yana taɓa zuciya. Sai aka naɗe shi cikin 'yan kumfa na maiƙo, irin waɗanda Alec Bangham ya fara bayaninsu a Ingila a shekarun 1960, aka kira shi Doxil, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995. Maganin bai canza ba, amma illarsa ga zuciya ta ragu, ko da yake yakan sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su yi zafi. Haka amfoterisin B, maganin cututtukan fumfuna mai wahalar da ƙoda. Da aka naɗe shi ya zama AmBisome, har a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba da shi allura guda mai ƙarfi, haɗe da magungunan sha, ga masu cuta mai karya garkuwar jiki da sanƙarau na fumfuna ya kama. Allurar korona ta Pfizer da ta Moderna ma haka suke: saƙo ne da jiki zai lalata nan take in ya shiga tsirara, sai aka sa masa rigar maiƙo.

Shekaranjiya da dare ina yi wa Goggo wannan bayani a gidanmu na Ƙofar Durɓi, ta saurare ni tsaf, sai ta ce, "To ɗan nan, ai tandu kake faɗi." Wallahi kalmar ta shige ni. Tandu ɗan ƙaramin mazubi ne na fata, yana tsare abin da ke cikinsa, ana tafiya da shi. Matsalarsa biyu. Da na tambayi ɗaliban da ke koyon aiki a wajena, ɗaya kaɗai ya taɓa ganin tandu. Sannan ba duka abubuwan nan masu ɗaukar magani ne ke da ciki da baki irin na tandu ba. Abraxane, wani maganin sankara na 2005, misali, an manna maganin ne da wani sinadarin gina jiki da ke cikin jini. Duk da haka zan riƙe "tandun maiƙo" don kumfar nan da ake kira lifosom, ta dace da ita ƙwarai.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta kawo "ɗan aiken magani", wai tunda yana kai magani daidai wurin ciwo. Kalmar tana da daɗi, sai dai ta yi alƙawarin da kimiyyar ba ta cika ba tukuna. Wani bita da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi, ya nuna kusan kashi 0.7 cikin 100 ne na abin da aka zuba a jijiya ke isa ga ƙarin sankara. Hanta da saifa ke tare kaso mai yawa a hanya. Ɗan aiken da ake ƙwace wa kaya haka, ba zan gabatar da shi ga mai ciwo da wannan suna ba. Bayan haka, irin waɗannan magunguna ga tsada, ga wahalar ajiya. Allurar Pfizer da farko sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili, mu kuwa a watan Afrilu zafi na haura 40, wuta kuma kun san halinta.

Inda na tsaya a yanzu: a bar nano yadda take, kamar yadda muka karɓi kilo da mita ba tare da gardama ba. Shi abin da ke ɗauke da maganin a kira shi "ƙunshin nano". Ƙunshi bai ce an yi shi da kaza ba, bai kuma ce lalle zai isa ba, ya dai nuna akwai abu a naɗe. Fannin gaba ɗaya kuma "likitancin nano".

Na san mata za su fara tuna ƙunshin lalle. A karon farko zan ce "ƙunshin magani na nano", daga baya in taƙaita.

Malamai, Allah ya ƙara sani, ku duba min ko ginin kalmar ya zauna, kuma jam'inta me ya fi: "ƙunshe-ƙunshen nano" ko a bar ta tilo? Mutanen Daura da Mani da Dutsin-Ma, in akwai wani sunan ɗan mazubi a wajenku da matasa suka sani fiye da tandu, ku turo min kafin daren Talata.