Kuben fistol ɗina yana yawo a ƙugu, don Allah a ba ni shawara

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum manyana da 'yan'uwa. An mayar da ni ɓangaren farin kaya, yanzu ƙaramar bindiga nake sa hannu in ɗauka da safe in mayar da yamma. Da can doguwa nake riƙewa, ita kuwa ratayawa kawai ake yi. A Rigasa nake zaune, aiki kuma cikin gari, kullum a kan mashin, kun dai san cunkoson hanyar nan idan jirgin ƙasa ya sauke fasinja. Ogan da nake bi ba ya son ƙananan kaya, ya ce mu riƙa shiga irin ta mutanen gari, kaftani da wando da hula. Ni dama tun da na yi aure na ajiye jins, kuma tela ɗaya ke min ɗinki tun ina makaranta, mutumin kirki ne, har bashi yake ɗaga min, wandunan da yake min duk masu mazagi ne. Na sayi kube baƙi na yadi mai maƙalin ƙarfe ɗaya, mai shagon ya ce kowace irin bindiga yana ɗauka. To mariƙin bindigar baya yake kwantawa ya rabu da jikina, kuben yana zamewa gaba, ƙashin ƙuguna ciwo yake kafin azahar, in na yi ruku'u kowa a sahun baya ya san abin da ke jikina. Mafi muni, in na gwada zarowa wani lokaci har da kuben take fitowa. Na fata zan nema ko na roba? Kuma a ina a Kaduna?

Na Kakuri: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa ka ba mu labarin tela amma ba ka faɗi wace bindiga ce ba. Kuma wane irin bel kake maƙala kuben?

Ɗan Rigasa: Beretta 92 ce. Bel kuma babu, a bakin wandon nake maƙalawa, in ɗaure mazagin tamau.

Tsohon Sufeto: To ai ga ciwon nan, ƙanena. Ba kube ne matsalarka ta farko ba. Beretta 92 ba harsashi ma tana kusan gram 950, magazin ɗinta na cin 15, in ka cika ta ta haura kilo ɗaya, tsawonta kuma ya ɗara santimita 21. Wannan nauyin ka ɗora wa igiyar wando. Duk ɗaurin da za ka yi, cikinka kawai kake yankawa, domin mazagi yana matsewa ne, ba ya hana abu juyawa.

Fara da bel. Faɗin inci ɗaya da rabi, wato milimita 38, shi ne na farin kaya. Na kaki mai faɗin inci biyu da kwata ba zai ɓuya a ƙarƙashin kaftani ba. Ya zama fata biyu aka haɗa aka ɗinke, ko na yadi mai tauri da aka sa wa roba a tsakiya. In ka je saye, kama gefen sama da na ƙasa tsakanin babban yatsa da manuni ka matsa. In ya lanƙwashe, ajiye musu kayansu. Ramukan su kasance kusa da juna, saboda ƙugun mutum kafin cin abinci da bayansa ba ɗaya ba ne.

Sai wando. Tela ya yi masa baki mai gam a ciki, da gidan bel guda 7, kowanne bel ya shige shi ba tare da ya yi lilo ba. Ka je da kuben, ba da bindigar ba, ya auna ya bar masa fili tsakanin gidaje biyu a gefe. Waɗannan gidajen biyu su ne za su hana shi tafiya gaba ko baya.

Sannan kube. Wanda aka ce yana ɗaukar kowace bindiga, babu wadda yake riƙewa. Nemi wanda aka yi wa Beretta 92 ita kaɗai, mai kunne biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, bel ya ratsa ta cikinsu. Kunnen baya shi ke jawo mariƙi ya kwanta a jikinka. Ramin kunnen ya yi daidai da faɗin bel: kube mai ramin milimita 44 a kan bel na 38 zai riƙa rawa sama da ƙasa duk takun da ka yi. Abubuwa uku ba a sassauci a kansu. Ya rufe kunama ruf ta kowane gefe. Bakinsa ya tsaya a buɗe bayan ka zare, yadda za ka mayar da hannu ɗaya. Kuma mariƙin ya fito fili yadda yatsunka uku za su zagaye shi tun tana cikin kube, ba sai ka zaro ka gyara riƙo ba. Na yadin nan naka ko ɗaya bai cika ba.

Ɗan Rigasa: Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. Amma canza wanduna gaba ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a wannan marra. Kuma mazagin nawa ba irin siririn nan ba ne, mai kauri ne. Ni ina ganin in na sami kube mai kyau zai zauna.

Tsohon Sufeto: Ba zai zauna ba. Wando biyu na aiki sun ishe ka.

Baban Ummi: Ni dai ina tare da Oga a kan bel, amma a kan kube, fata ita ce magana. Wanda zai wuni da abu a jiki, kan mashin, cikin mota, zaman benci, roba cin nama take yi. Sai dai ba kowace fata ba. Jar fatar akuya da ake jaka da ita ta yi laushi. Ƙirgin saniya ake so, jimar bagaruwa, kaurin milimita 3 zuwa 3 da rabi, domin ita ce in an jiƙa aka matsa ta a jikin siffa take bushewa ta riƙe siffar. Wadda aka jeme da sinadarin kamfani ba ta riƙe siffa haka, kuma tana iya taɓa ƙarfe. Bakin kuben a ninka masa wata fatar a ɗinke, shi ke hana shi rufewa. In sabo ne ya matse, cire harsashi, duba ɗaki, wato inda harsashi ke zama kafin a harba, da ido da yatsa, sa bindigar a leda mai kauri, tura ta ciki ta kwana. Kada ka shafa masa man gyaɗa ko man kaɗe wai don ya saki. Fatar da ta yi laushi gefenta yana naɗewa ya shiga gidan kunama lokacin mayarwa, kuma ta haka bindiga ke tashi a cinyar mai ita.

Tsohon Sufeto: Baban Ummi, a wane gari? Daga Maris zuwa Afrilu gumi, daga nan damina har Oktoba. Fata shan gumi take, gumi kuma gishiri ne, ta riƙe shi a jikin ƙarfe. Kuma wa zai kai wa baduku bindigar gwamnati ya matsa fata a jikinta? Ba shi da siffar roba ta Beretta, da ido zai ƙiyasta. Na Kydex, wato roba mai tauri, zai saya, kaurin wajen milimita 2. Ba ya shan ruwa, ba ya rufe baki, in bindiga ta zauna za ka ji ƙas. Yana da sukuru na ƙara matsi ko ragewa. Abin lura biyu ne: sukurorin suna kwancewa da girgizar mashin, don haka a ɗiga musu gam ɗin riƙe sukuru shuɗi, ba ja ba, ja ba ya kwantuwa cikin sauƙi. Kuma kada a bar shi a gaban mota cikin rana, zai lanƙwashe. Da hunturu kuma a riƙa wanke cikinsa, ƙurar da ta taru ita ke goge fentin bindiga.

Baban Ummi: Yallaɓai, ƙurar ai ta fi ɓarna a roba. Kuma na robar da ke shigowa kasuwa yawanci kwaikwayo ne, maƙalinsu ke fara karyewa. Gara fatar da na ga kaurinta da idona.

Na Kakuri: Ni abin da ke ci min rai, a ce an ba mutum bindiga ba a ba shi gidanta ba. Takalmi da kuɗinka, kaki da kuɗinka, yanzu kube ma. Amma bari fenti ya goge, a ma'ajiya sai an rubuta ka. Ga harbin gwaji, sai a daɗe ba a kai mutane fili ba, sannan a ce me ya sa hannu ke rawa.

Mai Gadin Dare: Ku da kuka sami ƙarama ma kenan. Mu alawus ɗinmu ma shiru. Ni tambayata, farar hula zai iya samun lasisin irin wannan? Unguwarmu ba lafiya.

Shugaban Zaure: A'a malam. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin waɗanda aka haramta, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Maganar nan ta jami'an da hukumarsu ta ba su ce. A koma kan tambaya.

Anti ta Barnawa: Ƙanena, ba wanda ya taɓo inda kake ɗora ta. Ɗauki ƙugunka kamar fuskar agogo, cibiya a matsayin ƙarfe 12. Ciwon da kake ji, a kan ƙashin ƙugu ka ɗora ta, wato ƙarfe 3 cif. Matsa da ita baya kaɗan, tsakanin 3 da rabi zuwa 4, inda akwai nama, ka karkatar da mariƙin gaba kamar digiri 10 zuwa 15. Wannan karkatar ita ke rage fitowarsa a ruku'u. Tsayi ma akwai magana: in ta hau sama sosai, nauyin magazin ya rinjaya ta kwanta waje, in ta sauka sosai bakinta ya riƙa dukan sit ɗin mashin yana turo ta. Gidan kunama ya zo daidai layin bel ko sama kaɗan. Kada wani ya ce maka tsakiyar baya. Faɗuwa ɗaya daga mashin, ƙarfe na kan ƙashin bayanka.

Tunda kaftani ne, tela ya ɓarke cikin aljihun gefe ya bar shi a buɗe, hannu ya shiga kai tsaye. In ba haka ba sai ka tattare yadi har daga gwiwa.

Tsohon Sufeto: Wuri da karkata, daidai ne Hajiya. Aljihu kuwa ban yarda ba. Zarowa ta aljihu, bakin bindiga da saitinta na gaba suna kama yadi. Mayarwa ta fi haɗari, don ba ya ganin bakin kuben, yadi ko bakin mazagi ya bi ta ciki ya ja kunama. Kaftani ya tsaya iya cinya, tsagar gefe ta hau sama, hannu ɗaya ya ɗaga riga har ƙirji, ɗayan ya zare. Mayarwa kuma a hankali, yatsa a miƙe a waje, ido a kan kube.

Kuma tunda yana shiga Kasuwar Barci da babbar kasuwa, yana goya mutane a mashin, matsi kaɗai bai isa ba. Ya nemi mai mataki na biyu, wato kube mai makulli, wanda ake buɗewa da babban yatsa. Mai maɓallin da ake dannawa da manuni a bar shi. Yatsan yana ci gaba da dannawa har bindiga ta fito, ya zarce kan kunama, shi ya sa wasu wuraren horo a Amurka suka hana shi. Kafin ka fita da kowane kube: cire magazin, duba ɗaki sau biyu, sa ta ciki, kifa shi a kan katifa ka girgiza. Sannan ka ɗaura, ka yi tsalle, ka tsuguna, ka yi sujada, ka hau mashin ka sauka. In ta motsa, bai yi ba.

Anti ta Barnawa: Oga, riga iya cinya a Kaduna ai ita ce za ta nuna shi. Aljihun na zarowa ne, ba na mayarwa ba.

Ɗan Rigasa: Na gode ƙwarai. Amma ni a ƙarfe 4 ɗin hannuna ba zai kai ba, bahago ne ni. Shi ya sa ma na ɗauki na yadin, ana juya maƙalinsa kowane gefe. Ba wai ban yi tunani ba ne.

Na Kakuri: Ikon Allah. Sai yanzu?

Tsohon Sufeto: To juya lissafin, tsakanin ƙarfe 8 da 8 da rabi. Kuma dole kube na hagu, kada ka sa na dama a hagu mariƙi na kallon gaba, domin wajen zarowa bakinta zai bi ta kan cikinka. Na hagu na Beretta 92 akwai shi, sai dai ka yi oda ka jira.

Baban Ummi: Ka gani ko? Na roba na hagu ba zai same shi a shago ba. Baduku kuwa juya zanen kawai zai yi.

Tsohon Sufeto: Ya juya zanen da bai auna ba.

Ɗan Rigasa: Oda kuma sai an biya albashi. Wani abokin aiki ya ce in sa ƙaramin soso tsakanin kuben da ƙuguna, in ƙara maƙali na biyu a jikin na yadin. Zan fara gwada wannan tukuna. Mai irin na ratayawa a hammata fa, akwai wanda ya san yadda yake zama a ƙarƙashin kaftani? Shi ai ba ruwansa da bel.