Baturan ɗakin motata suna mutuwa kafin asuba, ku ba ni shawara

Baban Hauwa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin wutar mota ku taimaka, kaina ya kulle. Ina da wata tsohuwar Sprinter irin wadda Turawa ke mayar da bayanta ɗaki, da gado da ɗan firij da fanka da fitilu. Ba saye na yi ba. Ƙanin matata ne ya same ta a Ngaundere wajen wani Bature da ya gama aiki zai koma gida, da nufin ya cire gadon ya jera kujeru ya riƙa ɗaukar fasinja, sai kuɗin takardu suka fi ƙarfinsa, ga bashina a kansa tun na bikin ƙanwarsa, shi ne surukata ta ce a ba ni motar a kashe magana. Ni da farko ban so ba, sai da muka yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, amma a bar wannan. Sana'ata maganin dabbobi, ina bin kasuwannin shanu, Adumri, Pitowa, wani lokaci har Bogo ta can wajen Marwa, a cikin motar nake kwana. Firij ɗin nan shi ne jarina, don allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, in ta ɗumama ta zama ruwa kawai.

A ƙarƙashin gado akwai batura biyu, daban da na tayar da inji. Shekarar farko lafiya lau. Da zafin bana ya shigo sai firij ya fara ɗaukewa wajen ƙarfe 2 na dare. Mai gyara ya ce ɗaya ya mutu, muka cire shi muka sa sabo dal. Sati uku aka yi, abin ya dawo har ya fi da. Shekaranjiya da hannuna na zubar da magani a kwata. Ranar Lahadi ina da kasuwa.

Mai Sola na Injamena:
Wa alaikumus salam. Malam ka ba mu tarihin surukarka kaf, ba ka faɗa mana abu ɗaya a kan batir ba. Me aka rubuta a jikin tsohon? Me aka rubuta a jikin sabon? Da me suke caji?

Baban Hauwa, Garwa:
Tsohon an rubuta AGM 95Ah, a rufe yake ba wurin zuba ruwa. Sabon na babbar mota ne, 150Ah, mai murafu a sama. Ni na zaɓe shi don ya fi girma. In ina tafiya inji ke cajinsu.

Mai Sola na Injamena:
To ga ciwon nan. Ka ɗaura jaki mara lafiya da doki a amalanke ɗaya. Batura biyu da aka haɗa kai da kai, mai ƙarfi yana zuba wa mara ƙarfi wuta duk dare har su daidaita a ƙasa. Tsohon nan da kuka bari tare suka tsufa da wanda kuka cire, shi ma saura ƙiris. Shi ya cinye maka sabon.

Na biyu, batir ɗin babbar mota na tayar da inji ne. Farantan cikinsa sirara ne, an yi shi ya ba da wuta mai yawa ta 'yan daƙiƙu sannan altaneta, wato na'urar da ke caji in inji yana aiki, ta cika shi nan take. Ba a yi shi don a riƙa tsotsarsa har asuba kullum ba. Girman lamba ba ya canza wannan. Ka samo mita, ka kashe komai, ka raba su, ka bar su su huta awa uku ko huɗu ka auna kowanne. Cikakke yana nuna wajen bolt 12.7. In ka ga 12.2 rabi ya tafi, kuma nan ya kamata a tsaya da batir mai dalma irin naka biyun nan. In ɗaya ya nuna 10.5 bayan caji, ɗaya daga cikin ɗakuna shida da ke cikin batirin ya mutu, a kai wa masu sayen tsohon batir.

Shawarata ɗaya ce: ka fid da su duka ka sa litiyom, irin da ake rubuta LiFePO4. Guda ɗaya mai 100Ah zai ba ka kusan abin da biyun nan ke ba ka suna sababbi, kuma nauyinsa bai kai rabin ɗaya daga cikinsu ba.

Hajiya Mai Ƙanƙara, Kuseri:
Hmm. Duk mai sola bakinsa ɗaya. Haka wani ya zo gidana bara ya ce litiyom, litiyom, shekara goma ba za ki taɓa shi ba. Na sayar da awarwarona na ba shi. Wata bakwai firizana ya tsaya, a tsakiyar azumi, lokacin da ƙanƙara ke kuɗi. Da yarona ya buɗe akwatin, rabinsa yashi ne aka cusa a leda don ya yi nauyi. Har yau mutumin in ya hango ni a kasuwa sai ya shige layin 'yan tumatir. Ga masu wuta su ma kwana uku ba su kawo ba, amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara.

Mai Sola na Injamena:
Hajiya Allah ya mayar da alheri, amma ɓarawo kika haɗu da shi, ba laifin litiyom ba ne.

Tsohon Makanike, Marwa:
Yaro, kada ka bari a ruɗe ka da kayan da in sun lalace a Bogo ba mai iya taɓa su. Shekara 30 ina wannan aiki. Sayi biyu masu ruwa irin na sola, kamfani ɗaya, girma ɗaya, rana ɗaya. Duk sati biyu a lokacin zafi ka buɗe murafu ka leƙa, in ruwa ya sauka ka ƙara ruwan batir tatacce har ya rufe faranti. Ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, kuma kada wani ya ce ka ƙara asid, ruwa ne ke ƙonewa, asid yana nan. Farin garin da ke taruwa a kan batir ka wanke da ruwan ɗumi da bakin soda, ka shafa giris. In za ka kwance, baƙar waya ta maines ake fara cirewa, ita ake mayarwa ƙarshe. Ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa komai.

Mai Sola na Injamena:
Baba da girmanka, amma ka manta a ina baturan suke. Ƙarƙashin gadonsa. Mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa Baturen ya sa rufaffe. Sannan zafi: batir mai dalma an auna rayuwarsa a digiri 25, duk ƙarin wajen digiri 10 yana rage ta da rabi. Garwa a watan Afrilu ana wuce 40 a waje, to ina ga cikin mota a rufe?

Tsohon Makanike, Marwa:
Sai a huda akwatin a fitar da tiyo waje, ba yau aka fara ba. Kai kuma ba ka gaya masa litiyom ɗinka ba a jona shi kai tsaye da altaneta ba. Yana jan wuta ba ƙaƙƙautawa, altaneta ta yi zafi ta ƙone. Sai an sayi wata caja a tsakani. Faɗa masa kuɗin duka mana.

Mai Sola na Injamena:
Da zan faɗa. Caja DC-DC ake sawa, da fis kusa da kan batir. Sau ɗaya ne za ka kashe kuɗin.

Baban Hauwa, Garwa:
Na gode duka. Amma gaskiya ban yarda girman batir ba shi da amfani ba, sati ukun farko ai har gari ya waye firij na aiki. Kuma mai gyaran nan ɗan unguwarmu ne, tare muke sallah, ba zai cuce ni ba. Ni ina zargin firij ɗin ne ko kuma inbatar.

Ɗan Figil:
Wace inbata kuma?

Baban Hauwa, Garwa:
Wata ƙarama mai mayar da wutar batir irin ta gida, da nake cajin wayoyin makiyaya da ita a kasuwa, kamar waya 20 ko 25 a yini, suna ba ni ɗan na goro. Wannan ai ba wuta ba ce.

Mai Sola na Injamena:
Innalillahi. Malam lissafa da kanka. Firij irin wannan yana jan wajen amfiya 4 in yana aiki, kuma a wannan zafi ya fi rabin yini yana aiki, ka ce 50Ah ko sama. Fanka duk dare. Wayoyi 25 da abin da inbata ke sha ko ba a jona komai ba, wajen 30Ah. Ka yi tafiyar awa ɗaya zuwa kasuwa ka ce sun cika? Batir mai dalma yana buƙatar sa'o'i kafin ya cika har wuya, kuma wanda kullum ke kwana da yunwa gishiri ke daskarewa a farantansa, ba ya komawa. Ko faifan sola ɗaya ba ka da shi a saman motar?

Baban Hauwa, Garwa:
Akwai da, ƙanin matata ya cire kafin ya ba ni, yana gidansa. Ba zan je roƙonsa ba. Da damina ma wata biyu motar ta yi a ajiye, ban ga ta lalace ba.

Ɗan Figil:
Ni nawa ma bai kai wannan ba, batir ɗin babur ɗina aka sace a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ka sayi kula ka zuba ƙanƙara kawai, wa ya ce sai firij.

Hajiya Mai Ƙanƙara, Kuseri:
Da kana kusa da na ba ka a farashin sari.

Tsohon Makanike, Marwa:
Wata biyu a ajiye ba caji? Nan suka mutu, ba zafi ba ne.

Mai Sola na Injamena:
Duka biyun ne Baba. Malam ka auna ka turo mana lambobin kafin ka kashe ko sisi.

Baban Hauwa, Garwa:
Ba ni da mita. Mai gyaran ya ce akwai wani batir na babbar mota 200Ah da aka kawo daga Mubi, zai karɓi nawa in yi ciko. Wa ya san ko zai shiga ƙarƙashin gado? Tsawon wurin kamu ɗaya ne da ɗan wani abu.